Abin da Iska Ke Kawowa daga Bariki

Litinin, da hantsi

Yara sun fita hutun safe, saura ni kaɗai a ɗakin kayan kiɗa. Na buɗe tagar da ke kallon kwari kamar kullum. Daga nan ba a hango bariki, sai tankin ruwansa da kawunan itatuwa, amma in an yi ruwan sama da asuba, iska takan ɗauko kiɗan badujalar soja ta haye kwarin da shi har kan teburina. Yau maci mai sauri suke gwadawa. Ko dai baƙi za su yi, ko za a yaye kurata. Alhamdu lillahi.

Fiye da rabin rayuwata a cikin badujalar nan na yi shi ina busa ƙaho, kafin gwiwa ta ce ta gaji da fareti, na ajiye kaki na dawo koya wa 'ya'yan mutane busa da kiɗa a makaranta. Har yau Saje ake kirana, tun daga Shugabar makaranta har mai burodin bakin ƙofa. Matata ma haka take kirana, sai dai nata da yaji a ciki. Ita ce ta ce na fara magana ni kaɗai wajen alwala, gara in samu takarda in riƙa zuba mata surutun. To ga shi ina zubawa, a bayan tsofaffin takardun kiɗa.

Wayar yaron nan, ɗanmu, ba ta shiga.

Talata, bayan azahar

'Yan aji biyu sun kusa kashe ni da raina. Na ce su busa murya ɗaya, sai ka ce an shiga garken awaki da sanda. Mai babbar ganga kuwa yarinya ce 'yar tsurut, in ta rataya gangar ba ka ganin komai sai ƙafafu biyu da ɗankwali, amma ita kaɗai ce ba ta taɓa sakin taku.

Macin Komawa nake koya musu, wanda ake yi idan an gama fareti za a koma bariki. Akwai wani wuri a tsakiyarsa da ƙahoni ke yin shiru, a bar ƙananan ganguna su kaɗai su riƙe taku. A nan ake gane makaɗi. Ƙafa ta ji ƙanshin gida, hannu sai ya so ya yi sauri. A badujalar soja duk wanda ya yi sauri a wurin nan, ranar sai ya zagaye filin fareti da ganga a ka.

Yaron nan, tun yana yawo ba wando yake zuwa ya zauna a gindin mangwaron da muke gwaji, da gwangwanin madara da cokula biyu. Yana binmu tiryan-tiryan, sai an zo wurin nan ya zabura ya bar mu a baya. Kullum, kuma wuri ɗaya. Dogo, abokina mai ganga, wanda yanzu shi ne shugaban badujalar, ya yi dariya ranar har ya zauna a ƙasa, ya raɗa masa Gaggawa. Sunan ya bi shi har ya shafe na yanka. Cin abinci da sauri, magana da sauri, salla ma sai na ce masa, "A hankali, ba kora ka ake yi ba." Na so ya shiga badujala, domin badujala ba ta nisa da gida. Ya ce, "Baba, ni fa ba zan iya tafiya a bayan ganga ba." Ya shiga sojan, ya zama direban babbar mota. Tun farkon damina aka tura su can fagen daga.

Da yakan kira uwarsa kowace Juma'a. An yi Juma'a, an sake yin wata.

Laraba, da hantsi

Mai sauri yau ma. Na sha shayina da daɗi.

Akwai abin da farar hula ba su sani ba, ni kuma da ma a ce ban sani ba. Idan an yi rashi a can, kafin hafsoshi su sa hula su je gidan iyaye, badujala ake fara gaya wa. Ba don an fi ƙaunarmu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, dole a yi gwajin macin rakiya, mai tafiyar hawainiya, a lulluɓe ganguna da baƙin ƙyalle don muryarsu ta dushe, a ware mai ƙaho ɗaya ya je bayan sito ya gyara busar sallama. Sai mu kwana mu tashi muna gwada rakiyar mutum, matarsa na shanya a bayan katanga tana 'yar waƙarta. Doka kuma ita ce bakinka ƙanin ƙafarka, har sai hafsoshi sun kai labari. Na taɓa sayen lemo a hannun wata mata a ƙofar bariki, ta ƙara min gyara, ta ce in gaida gida. Da safiyar ranar na gama gwada busar mijinta.

Shi ya sa nake buɗe tagar nan. Mutane na sauraron rediyo, ni ina sauraron Dogo.

Alhamis, da yamma

Ba iska. Ban ji komai ba, ban kuma ci abincin kirki ba.

Juma'a, bayan la'asar

Matata tela ce, kekenta na ƙafa yana barandar gida, gidan kuma yana bayan makaranta ta ɓangaren kwari. Tun daga kan kwana nake gane halin da take ciki, ta takun keken. In ranta fari ne yakan tafi sumul, in na yi laifi sai ya riƙa tsayawa yana tashi. Yau na tarar ta ajiye waya a kan keken, kusa da almakashi, fuskar wayar na kallon sama.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ta ce, "Sannu Saje. An dawo daga yaƙi da 'yan aji biyu?"

"An dawo. Sun ci mu."

"Ka ga yau ma bai kira ba."

Na ce, "Sabis ne babu. Kin san wuraren nan, sai mutum ya hau bishiya."

"Shi kuwa ina ya ga lokacin tsayawa ya hau bishiya," ta ce, ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da ɗinki.

Ban gaya mata abin da nake saurare ba. Tsakanina da ita ba a taɓa zancen wannan ɓangaren aikin ba. A da in na dawo daga rakiya sai dai ta karɓi hulata ta ba ni ruwa. So nake ta ci gaba da zaton kiɗa kiɗa ne kawai.

Asabar, da hantsi

Na sauko da ƙahona daga kan kwaba na goge. Ba don zan busa ba, hannu ne ya rasa abin yi. Yana da lotsawa a gefen baki, kuma in ka kai hanci sosai har yanzu akwai ɗan warin fetur, ko kuma hancina ne ya ƙi mantawa. Yaron nan ne, yana ɗan firamare, ya rasa mazurari zai zuba wa babur ɗin maƙwabci mai, ya duba gidan kaf bai ga abin da ya fi ƙahon gwamnati dacewa ba. Ranar na bi shi har bayan layi da takalmi, ban kama shi ba. Ban taɓa kama shi ba.

Matata ta leƙo ta ce, "Ana yi wa ɗan fari wanka?" Haka take kiran ƙahon, wai shi ne ɗan farina na gaskiya, ɗayan kuwa nata ne. Na ce a bar ni da nawa, shi dai in na ajiye shi a nan nake samunsa. Ba ta yi dariya ba, ni ma na ji da ban faɗa ba.

Lahadi, bayan azahar

Na kishingiɗa a kujerar baranda, barci ya ɗauke ni. Na ga kwarin nan ya cika da ruwa fal har bakin katangar makaranta, badujala kuma na tahowa a kan ruwan cikin fararen kaya, ƙafafunsu ba sa jiƙewa. Dogo na gaba yana juya sanda. Kumatu sun kumbura, sanduna na sauka a kan fata, amma ko ƙis ba na ji. Na yi ta ƙoƙarin gane takunsu, mai sauri ne ko ɗayan, sai ruwan ya riƙa ɗaga su yana saukewa. Can a bayansu gwangwanin madara na bin su shi kaɗai a kan ruwa, yana juyi.

Na farka na tarar an lulluɓa min zane, yayyafi na sauka. Ina kewar yaron nan. Ban taɓa faɗa masa haka ba, ba a saba ba.

Litinin, da hantsi

Ƙaho ɗaya, shi kaɗai, can nesa. Ya fara, ya tsaya, ya sake.

Mai yiwuwa sabon yaro ne ake koya wa. Ana yin haka. Ni ma a bayan sito aka koya min, kuma lokacin ba abin da ya faru. Ga shi busar ba ta da kyau, yana tsinke numfashi a dogon wurin, ba za a fitar da irinsa gaban jama'a ba. Na rufe tagar. Na sake buɗewa. Na goge ƙahonin makaranta duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Litinin, gab da magariba

Na ce wa matata zan miƙe ƙafa. Na gangara kwari har kan 'yar gadar katako, inda ake fara ganin fitilun bariki ta tsakanin itatuwa. Ruwa na wucewa ja-ja-jir, kwaɗi sun fara nasu gwajin, kuma wallahi sun fi 'yan aji biyu haɗin murya. Na daɗe a tsaye har na rasa ko ruwan ne ke tafiya ko gadar.

Ban haye ba. A irin wannan mako tsohon soja ba ya shiga bariki ba a kira shi ba. Masu gadi za su sara min, waɗanda na sani za su kau da kai, kau da kai kuwa amsa ce. Na juyo na sayi burodin da ba a aike ni ba.

Talata, da azahar

Na kira Dogo. Na daɗe ina juya wayar a hannu, don na san dokar, tare aka karanta mana ita muna kurata.

"Mai ƙaho! Kana duniya?"

"Ina nan, Dogo. Ya yaranka?"

"Yara sai ɓata kiɗa. Ya mai ɗinki?"

Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka tambayi gwiwoyin juna. Sai na ce, "Jiya na ji ƙaho."

A bayansa ina jin ana jan kujeru.

"Saje," ya ce, "ka san bakina ba nawa ba ne."

"Na sani. Ai ban tambaye ka komai ba."

"Ni ma ba a ba ni suna ba tukuna. Wallahi. Adadi kawai aka ba ni."

Ban tambayi adadin ba. Ban tambayi ko wace runduna ce ba, shi ma bai ce ba ta su yaron nan ba ce. Dogo kuwa, da ba tasu ba ce, da tuni ya ce in je in sha shayi in daina damunsa.

Kafin ya kashe ya ce, "Har yanzu tagar nan taka tana buɗuwa?"

Na ce tana buɗuwa.

"To ka bar ta a buɗe."

Laraba, da hantsi

Sun lulluɓe gangunan.

Laraba, da yamma

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tunawa na yi iskar da ta kawo min ita za ta wuce ta kan katanga ta sauka a barandarmu. Na faɗa aji biyu ana tsakiyar lissafi, na ce wa malaminsu ina neman 'yan badujala yanzu-yanzu. Na fitar da su fili, na jera su suna fuskantar gidanmu, na ce su busa Macin Komawa iya ƙarfinsu.

Wani ya ce, "Saje, ko mun yi kuskure?"

Na ce, "Ko kun yi kuskure. Ku dai kada ku tsaya."

Ba su taɓa jin haka daga bakina ba. Suka kalli juna, suka saki jiki, suka yi ɓarnar da ba su taɓa yi ba. Tattabaru suka watse daga kan rufi. Ni kuwa ina tsaye ina kaɗa sanda, kunnena ɗaya na can ƙarƙashin hayaniyar, inda gangunan Dogo ke tafiya a hankali. Dum, sai a jira, dum.

Shugaba ta aiko a kira ni. Mace ce mai kirki, kullum tabaranta na kan goshi tana nemansa a jaka.

"Malam Saje, lafiya? 'Yan ajin jarrabawa sun ce ba sa jin junansu."

"Ranki ya daɗe, bikin ƙarshen zango ya matso, yaran kuma ba su ƙware ba."

Ta dube ni ta daɗe. "Ya labarin ɗanmu?"

Na ce lafiya lau, sabis ne babu.

Ta ce, "To ku yi, amma ku matsa can bakin katanga." Da ma can nake so.

Alhamis, da yamma

Yau ma mun yi. Leɓunan yara sun kumbura, wani har ya yi kuka. Yarinyar nan mai babbar ganga ta ce, "Saje, wai wa muke yi wa?" Na ce iska. Na ji kunya, na saya musu ruwan sanyi.

A hanyar gida mai shago ya ƙure rediyo, ana faɗin wani abu game da can. Na tsallaka ɗaya gefen titi. Maƙwabcinmu mai gyaran babur ya gaishe ni da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ban san me ya ji ba, ban kuma tsaya ba.

Wayar ba ta shiga. Matar nan ta cikin waya ta ce a sake gwadawa an jima. Har na fara sanin inda take shan numfashi.

Juma'a, bayan la'asar

Wata koriyar mota irin ta soja ta shigo layinmu a hankali, tana kauce wa ramukan ruwa. Ina zaune a baranda, matata na yanka yadi. Sai komai ya yi min nisa ya yi haske, kamar ina kallo ta cikin kwalba. Na riƙa lura da abubuwan banza, ƙadangare a kan bulo, ɗigon ruwa a igiyar shanya, zaren da ya maƙale a gefen zanenta. Na kuma lura na miƙe tsaye na haɗa dugadugai. Motar ta zo daidai ƙofarmu, ta rage gudu saboda ramin nan da na sha cewa zan cike, ta wuce. Ashe masu gyaran lantarki ne.

Almakashi bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da na zauna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Saje, yaushe za ka cike ramin nan?" Na ce gobe.

Da na je zubar da shara na ga yadin a kwando. An yanke shi tun daga wuya har ƙasa, yadin mutane.

Asabar, da azahar

Na fita da shebur tun da safe na cike ramin. Ina cikin daddaɓe ƙasar sai iska ta kawo gangunan. Ba a gwaji ranar Asabar sai in manya za su zo, manya kuma ba sa zuwa don mutum ɗaya. Yau ba ni da yara, ba ni da abin toshe iska. Ina tsaye da shebur a hannu kamar gunki, sai na ji keken ɗinki ya tashi da wani irin gudu da ban taɓa ji ba, har kwanon rufi na amsawa.

Na shiga. Tana taka shi da ƙafa biyu, gumi na bin wuyanta, wani tsohon ƙyalle na wucewa ƙarƙashin allura tana sake dawo da shi. Na matsa kusa. Babu zare a allurar.

Na dafa wilin keken, ya tsaya. Gangunan suka shigo baranda.

Ta ce, "Sake min, Saje. Kai fa nake yi wa. In ka ji abin nan fuskarka komawa take yi ta wani."

Na ce, "Kin san ko mene ne?"

Ta yi min irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki ana gobe biki. "Wa ya ɗinka muku baƙin ƙyallen da kuke rufe gangunan? Ka manta? Dogo ne ya kawo min awo da igiya, ina da cikin yaron nan. Ni na sa musu maɗauri. Shekara da shekaru ina shanya a bayan katanga ina jinku, ka dawo in karɓi hularka. Ka zaci ruwan da nake ba ka na ƙishirwa ne?"

Na saki wilin keken.

"Kuma ka daina wahalar da 'ya'yan mutane. Tun Laraba suke huda min kunne, amma duk da haka ina jin na ƙasan."

Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Muka saurara tare har suka gama. Kiɗan ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, Dogo ya gyara su sosai. Ta riƙe bakin hannun rigata kamar za ta auna. Na ce mata ina jin tsoro. Ta ce ita ma. Sauƙin da na samu bai cika cokali ba, amma dai sauƙi ne.

Lahadi, da yamma

Mun yi ta addu'a. Ta dafa abincin da ya fi so, muka zauna muna kallonsa, daga baya muka aika wa maƙwabta.

Litinin, da hantsi

Iska ta juya, ta kwashe komai ta kai wa wasu. Na bar tagar a buɗe duk da haka. Na ba yara haƙuri kan makon jiya, suka yi ta mamaki, wani ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Idan ɗakin nan ya yi shiru sosai, igiyoyin da ke ƙarƙashin ƙananan ganguna kan yi rawa su kaɗai in babbar mota ta wuce a titi. Shekaru ina nan ban taɓa damuwa da su ba. Yau duk motar da ta wuce sai su yi tsss a kan kanta, kamar wani ya shigo ya taɓa su, ni kuma in ɗago kai.

Talata, da azahar

Bari in rubuta tun da zafinsa.

An yi ruwa da asuba, iska ta dawo. Suka ɗauki macin rakiya suka kai shi ƙarshe ba tsayawa, irin gwajin da ake yi in gobe ne. Mai ƙaho ya yi busar sallama, wannan karon bai tsinke ba. Na san zuwa yanzu an ba Dogo sunaye. Na kuma san yau hafsoshi za su sa hula. Na tsaya a taga na riƙe ƙarfenta.

Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na jiyo 'yan aji ɗaya na bitar karatu. Daga nan ganguna suka tashi, a buɗe, an cire musu ƙyalle. Macin Komawa. Na ce a raina Dogo ya zautu, wa ke gwada wannan ana gobe rakiya? Ƙahoni suka shigo tsaf, taku daidai kamar an auna da igiya. Aka zo wurin nan, ƙahoni suka yi shiru, aka bar ƙananan ganguna su kaɗai.

Suka zabura. Dukansu gaba ɗaya, badujalar soja guda, wadda ba ta taɓa sakin taku a wurin nan ba tun kafin a haifi masu kaɗa mata yanzu. Suka bar macin a baya suka ruga, sak irin na gwangwani da cokula biyu. Suka tsaya. Suka koma farkon wurin suka sake zabura, don kada in ce kunnena ne.

Bakin Dogo ba nasa ba ne, amma sandarsa tasa ce. Da yaron nan na cikin waɗanda za a raka gobe, Dogo ba zai taɓa wannan wasan ba ko da an ɗora masa bindiga a ka.

Na fita ko ɗakin kaya ban rufe ba. Shugaba ta ce ta hango ni ta taga ina gudu da gwiwar da na ce ta mutu. Na sha kwana na ga matata tsaye a tsakiyar layi, daidai kan ramin da na cike, ba takalmi, tef ɗin awo a wuya.

Ta ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji."

"Sun yi gaggawa, Saje. Har sau biyu."

Muka tsaya a nan muna kuka kamar yara. Mai gyaran babur ya taso da gudu yana salati, ya zaci ɗayan labarin ne. Da ƙyar muka yi masa bayani, kuma ba na jin ya gane.

Laraba, da hantsi

Yau ba gwaji ba ne.

Na fitar da yara fili, na ce su ajiye kayan kiɗa a kan ciyawa su tsaya. Na gaya musu abin da za su ji da abin da yake nufi. Iska ta kawo gangunan a lulluɓe, ta kawo harbin bindiga, ta kawo ƙahon. Jiya koriyar mota ta tsaya a ƙofofin wasu, ba ta wuce ba. Ina murna, ina kuma jin kunyar murnar, duka biyun a ƙirji ɗaya, kuma duk sanin kiɗana ban san yadda zan sa su yi taku ɗaya ba. Yarinyar nan ta cire rigar sanyinta ta rufa wa babbar ganga. Ba wanda ya ce ta yi.

Wayar har yanzu ba ta shiga. Amma da na leƙa gida na ga an sa zare a allura.

Juma'a, bayan la'asar

Baƙuwar lamba ce. Matata ta ɗauka, ta ce, "Na'am," sai ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da keke. Ta daɗe ba abin da take cewa sai "To" da "Alhamdu lillahi", daga nan ta miƙo min.

Daga wani asibiti yake, da wayar mai jinya. Muryar ta rame, amma tasa ce.

"Baba ina wuni, Baba ka ji motar ce, wato muna cikin tafiya ne, ni dai na san na taka, na ce wa na baya su kwanta, kafaɗa ce kawai da ɗan ƙafa, likita ya ce ƙafar za a gani, ka ce wa Umma ta daina kuka, wayata tana can, Baba abokina makanike, wanda na kawo gida har ya ci abinci, Baba shi bai... ka gaida Baba Dogo, sun ce in an kwana biyu za a maido mu kusa, Baba kana jina?"

Kalmomi na hawa kan juna, yana haɗiye wasu, rabin abin da ya faɗa ban kama ba. Na ji maganar nan ta taso min har bakin leɓe, wadda nake faɗa masa tun yana yawo ba wando. A hankali, ba kora ka ake yi ba.

Na haɗiye ta.

Na ce, "Ina jinka. Ci gaba."